A Ƙasar Mutanen Gajimare

Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina ba duka ake shanye shi a gida ba. Kaso mai tsoka daga cikinsa akan busar da shi, a tsince, a ɗura a buhuna a Kasuwar Dawanau, a loda wa tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan ya ƙetare tekun Atilantika ya sauka a ƙasar Meziko. Mutanen can suna shan sa kamar yadda muke sha, da sukari da ƙanƙara, sai dai su hamaika suke ce masa, wato sunan tsibirin Jamaika a bakinsu. Abin da suke nomawa da kansu ba ya isar su, shi ya sa suke neman namu. A shekarar 2018 hukumominsu suka rufe wa zoɓon Nijeriya ƙofa saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, fatake da manoma suka ji a jikinsu, kafin a sake buɗewa bayan wasu shekaru. Kawuna yana cikin waɗanda suka miƙe bayan wannan faɗuwa. Da na kammala digiri a fannin Tarihi, na yi hidimar ƙasa, na zaga da takardu har takalmina ya cinye ba a dace ba, sai ya jawo ni jikinsa ina rubuta masa wasiƙun Turanci ina riƙe masa lissafi. Ta haka yaron da bai taɓa wuce Abuja ba ya wayi gari a babban birnin Meziko, yana rungume da jakar takardun kawunsa.

Ciniki ya faɗa da wuri, ya zama saura kwana shida jirginmu ya tashi. Na rusuna na gaya wa Kawu cewa akwai wani tsohon gari a kudu da na karanta labarinsa a aji uku na jami'a, ina so in je in gani da idona.

"Kufai?" in ji shi. "Ka biya kuɗin mota ka je kallon inda masu shi suka gudu suka bari?"

"Kawu, ai shi ne karatun da na yi."

Ya daɗe yana duba na, sannan ya zaro kuɗi ya ƙirga ya miƙo mini. "Allah ya tsare hanya. Amma ka lura da abin da za ka sa a bakinka, ɗana. Ƙasar nan da alade suke miya."

Tafiyar kusan sa'a bakwai ce a motar safa, wajen kilomita 460, ta cikin duwatsu da wasu tsirrai masu ƙaya da suka miƙe sambal kamar turakun lantarki. Garin da na nufa ana rubuta sunansa Oaxaca, amma Wahaka ake furtawa. Sifaniyawa ne suka zana titunansa, suka gina majami'unsa da wani koren dutse da ake haƙowa a yankin, sai dai ƙasar da ya zauna a kai tana da masu ita tun kafin zuwansu. Mafi yawa a cikin al'ummun asali na jihar su ne Zapotekawa. Wannan suna Aztekawa ne suka laƙaba musu. Su a harshensu suna kiran kansu da abin da ke nufin mutanen gajimare, kuma da safiyar farko da na leƙa ta taga na ga hazo ya lulluɓe kawunan tsaunuka, na gane inda sunan ya samo asali.

Monte Alban yana yamma da garin, tazarar da ba ta kai kilomita 10 ba, amma hawa ne zalla. Tsaunin ya ɗara kwarin da ke ƙarƙashinsa da mita 400, ya tsaya daidai inda rassan kwarin guda uku suka haɗu, ta yadda wanda ke samansa yana ganin duk mai tahowa ta kowace fuska. Abin da ya fara kama ni shi ne kan tsaunin a baje yake tas, kamar an sa wuƙa an datse. Datse shi ɗin kuwa aka yi. Wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya mutane suka hau nan suka fara sare ƙololuwar, suna cike ramuka da abin da suka sare, har suka fitar da fili mai tsawon mita 300 da faɗin da bai kasa mita 150 ba. Suka kewaye shi da dandamali masu matakala, suka ɗora wuraren ibada da gidajen manya a kai. Mai karatu ya tuna cewa mutanen nan ba su san ƙarfe ba, da dutse suke sassaƙa dutse. Ba su da jaki ko doki ko raƙumi ko saniya, domin babu ɗaya daga cikin dabbobin nan a ƙasar sai da Sifaniyawa suka kawo su. Ba su da amalanke. Duk dutsen da na taka a ranar, a bayan wani mutum ya iso wurin.

Na hau dandamalin kudu, na zauna ina mayar da numfashi, domin iskar wurin ba ta cika ƙirji. Daga nan filin gaba ɗaya yake bayyana: gine-ginen gabas da na yamma suna fuskantar juna, jerin wasu a tsakiya, can gefe kuma ga filin wasan da suke buga ƙwallon danƙo da ƙugu. Kyau dai akwai shi, irin wanda yake sa mutum ya rage murya ba tare da an ce masa ya yi shiru ba. Amma tambayar da ta hana ni sakat ita ce ta ruwa. Babu kogi a saman tsaunin. Kogin Atoyak yana can ƙasa cikin kwari, rani kuwa a yankin yana ɗaukar kusan rabin shekara. Sun yi ƙananan madatsai da wuraren tara ruwan sama, amma garin da masana suka ƙiyasta ya kai mutum 25,000 a lokacin ganiyarsa, wanda aka yanka gangarensa hawa-hawa aka fitar da filayen gidaje sama da 2,000, ba ya rayuwa da ruwan tafki kaɗai. Duk wanda ya taɓa ɗaukar jarka biyu daga rijiyar burtsatse zuwa gida ya san abin da nake nufi. Akwai waɗanda aikinsu ke nan kullum, hawa da tulu da kwandon masara, tsara bayan tsara, har tsawon shekara 1,300. Babu dutse ko ɗaya da aka sassaƙa da siffarsu.

Masana sun rabu a kan dalilin da ya sa aka zaɓi wuri mai wahala haka. Richard Blanton, wanda ya auna kufan a shekarun 1970, yana ganin garuruwan kwarin ne suka haɗa kai suka kafa babban birni a tsaunin da ba na kowa ba. Joyce Marcus da Kent Flannery kuwa sun karkata ga cewa tsoron hari ne ya koro mutane daga wani tsohon gari da ake kira San Hose Mogote, wanda ya kusa zama wayam a daidai lokacin da Monte Alban ya tashi. Ganuwar da aka gina daga baya a gefen da hawa ya fi sauƙi tana ƙarfafa zancen tsoro. Ni dai abin da na gani a bangon yamma ya sa na fi yarda da su.

A can ne duwatsun da suka fi komai suna a wurin suke. An samu sama da 300, kowanne da siffar namiji tsirara, ƙafafu a lanƙwashe, hannuwa a sake, ido a rufe, baki a buɗe. Matafiyan ƙarni na 19 da suka gan su suka ɗauka rawa suke yi, suka sa musu suna Danzantes, wato masu rawa. Yawancin masana a yau suna cewa gawawwakin kamammun yaƙi ne, kuma zanen da ke murɗewa daga jikin wasunsu jini ne da ke kwarara daga inda aka yanke musu gaɓa. Javier Urcid ya ce a'a, 'yan garin ne da kansu suke zubar da jininsu don ibada. Ko wanne aka ɗauka, jini ne a jikin dutsen. Duk da haka sunan masu rawa ya zauna daram a kan alluna da katunan da ake sayar wa baƙi, domin rawa ta fi gawa shiga kasuwa. A gabana wani saurayi da budurwarsa suka tsaya kusa da ɗaya daga cikin duwatsun, suka karkace jiki suna kwaikwayonsa, abokinsu yana ɗaukar su hoto. Ban ga laifinsu ba sosai, abin da aka rubuta musu suka karanta. Amma tsigar jikina ta tashi.

A tsakiyar filin akwai wani gini mai siffar kan kibiya, wanda ya saɓa wa sauran wajen fuskantar da ya yi, har wasu suna danganta shi da duban taurari. A jikinsa an kafa allunan dutse sama da 40, kowanne da alamar tsauni da sunan wani gari, a ƙarƙashin da yawansu kuma ga kan mutum a kife, ido a rufe. Alfonso Caso, wanda ya fara haƙar wurin gadan-gadan a 1931, ya fassara su da jerin garuruwan da aka ci da yaƙi. Rubutun Zapotekawa yana cikin mafi daɗewa a nahiyar. Suna rubuta lamba da ɗigo da sanda, ɗigo ɗaya, sanda biyar. Suna da kalandar rana ta kwana 365 da ta ibada ta kwana 260, kuma jariri yakan ci sunan ranar da aka haife shi, kamar yadda muke da Ɗanladi da Talatu da Balarabe. A San Hose Mogote an tono wani dutse da aka shimfiɗa a bakin wata hanya tsakanin gine-gine biyu don mai wucewa ya taka. A kansa akwai siffar mutum da aka farke wa ƙirji, tsakanin ƙafafunsa kuma ga sunan ranarsa, wanda waɗanda suka tono shi suka karanta da Girgizar Ƙasa Ɗaya. Yana cikin sunayen mutane na farko da aka taɓa rubutawa a wannan sashe na duniya, kuma an rubuta shi ne domin a riƙa tattaka shi.

Jagoran da ya zaga da mu dattijo ne Bazapoteke daga wani ƙauye a gabashin kwarin. Ya koyi Turancinsa a kicin ɗin gidajen abinci na Los Anjalis, inda dubban mutanensa suke ci-rani. Da sauran baƙi suka watse sayen tsaraba, na matsa kusa da shi.

"Baba, wa ya ɗauko duwatsun nan?"

"Kakanninmu, samari. A ƙauyenmu har gobe idan za a gyara hanya ko rufin makaranta, kowane magidanci sai ya fito, ba a biyan kowa ko sisi. Tekiyo muke ce masa. Haka aka baje tsaunin nan."

Na ce masa mu ma muna da irinsa, gayya muke cewa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita kalmar har ya riƙe. Ban yi masa musu ba, domin ba a musu da dattijo a kan kakanninsa, a ƙasarsa. Amma a raina na san gayya a gonar maƙwabci daban, noman gandun sarki daban, ko da fartanya ɗaya ce. Sarakunan da suka jera siffofin gawawwaki a bangon fadarsu don kowa ya gani, ba na jin roƙo suke yi kafin a ɗauko musu dutse.

Wajen shekara ta 800 Miladiyya garin ya mace. Ba a ga alamar an ci shi da yaƙi ba. Mutane dai suka riƙa sauka sannu a hankali zuwa garuruwan kwari irin su Zacila da Yagul da Mitla, aka daina gyaran gine-gine, ciyawa ta rufe matakala. Idan aka bi lissafin da ake yi wa sarautar Kano, Monte Alban ya riga ya zama kufai kusan shekara 200 kafin Bagauda. Lokacin da Sifaniyawa suka iso kwarin a 1521 ba su tarar da kowa a samansa ba, kuma sunan da yake amsawa yanzu nasu ne.

Na sauko da la'asar da yunwa irin ta wanda ya yini a rana, na nufi Kasuwar 20 ga Nuwamba a tsakiyar gari. Tana da wani lungu da ake kira layin hayaƙi, inda mahauta suke rataye nama da aka yanka fale-fale kamar za a yi kilishi, ka zaɓa a gasa maka nan take. Ƙamshin ya kai ni gida. Amma naman sa da na alade a waya ɗaya ake gasa su, don haka na haɗiye yawu na wuce. Yarinyar da ke karɓar baƙi a masaukina ta riga ta rubuta mini kalmomi biyu a takarda: manteka, man alade, da asiyento, wato guntun da ke kwantawa a gindin tukunya idan an narka kitsen. Gaskiyar Kawu ce. Da su ake soya wake, da su ake kwaɓa ƙullun tamal, su ake shafawa a kan tilayuda, babban faifan masarar nan da ya kai murfin tukunya, wanda shi ne abin alfaharin garin.

Wannan ya fi yunwa damu na. An rene ni a gidan da mayar da ƙwaryar mai masauki ba a taɓa ba cin fuska ne, ga ni kuma a ƙasar da abinci shi ne gaisuwarsu. Na tsaya gaban wata mata mai kimanin shekarun mahaifiyata, na miƙa mata takardar, na ce "sin", wato ban da. Ta karanta, ta dube ni, ta dafa cikinta tana tambaya ko ciwo ne. Na girgiza kai na nuna sama. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta ture kaskon da take aiki da shi, ta jawo wani na yumɓu mai faɗi ta goge shi, ta aiki 'yarta rumfar maƙwabciya ta karɓo waken da aka dafa da ruwa da gishiri kawai. Ta dama shi ta shafa a faifan, ta yayyaga wani farin cuku mai zare-zare da suke kira kesiyo, ta zuba kabeji da fiya da tumatir, ta naɗe ta ɗora a garwashi har ya yi ƙus-ƙus. Ta tsaya a kaina har na kai loma ta farko, kamar yadda Inna take yi. Da na zo biya, kuɗin da ke rubuce a allo ta karɓa, ba ta ƙara komai na wahalar da na sa ta ba.

A bakin kasuwar na ci karo da abin da ban yi zaton gani ba: fara, tuli-tuli a kwanduna, an ware manya da ƙanana, ta yi jawur. Capulines suke ce mata. Tasu ta fi tamu ƙanƙanta, kuma gasa ta suke yi a kasko da tafarnuwa da lemon tsami da gishiri da barkono, sai tsami ya rinjayi maiƙo, saɓanin ta Maiduguri ko ta Maraɗi da ake soyawa a barbaɗa yaji. Wasu Turawa suna tsaye, kowa ya riƙe ƙwaya ɗaya da ɗan yatsa yana yamutsa fuska ana ɗaukar sa bidiyo. Mai farar ta miƙo mini ɗanɗano tana jiran in yi irin tasu. Na watsa a baki, na ce ta auna mini gwangwani. Da na nuna mata hoton tiren fara na bakin titin Kano a wayata, ta ƙwala wa maƙwabtanta kira, wayar ta zaga hannu biyar kafin ta dawo. Suna da wata magana cewa wanda ya ci fararsu sai ya sake komowa Wahaka. Idan haka ne, ni kam na ci ta komowa uku.

Abincin da ya fi ba ni aiki wajen fahimta shi ne mole baƙi. Miya ce mai kauri, baƙa wulik, da ake haɗa ta da kaya sama da 20, ana gasa barkono har ya ƙone, a niƙa da ƙwayar koko da gyaɗa da ayaba da gurasa. Na samu inda ake yin ta da man girki na tsirrai, aka zuba mini a kan faifan masara da cuku. Lomar farko ɗaci, ta biyu zaƙi, can daga baya yaji ya taso daga maƙogwaro. Ba zan ce ta burge ni a ranar ba. Abincin biki ne da na makoki, kuma harshe yana bukatar shekaru kafin ya saba da shi, kamar daddawa ga baƙo. Abin lura shi ne barkonon da kokon na ƙasar ne tun fil azal, amma riɗi da kirfa da kanumfari da zabibi a jiragen Sifaniyawa suka zo.

Duk waɗannan kuwa a kan masara suke zaune. Ba surfa ta suke yi kamar mu ba. Dafa ƙwayar suke yi da ruwan farar ƙasa ko na toka, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su wanke ɓawon ya saluɓe, su niƙa ta da damshinta. Ƙullun da ya fito, abin dariya, masa suke ce masa, ko da yake haɗuwar suna ce kawai. Wannan dahuwar tana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar, wanda in ba haka ba jiki ba ya iya amfana da shi. Turawa sun ɗauki masarar suka bar dabarar, sai talakawan arewacin Sifaniya da Italiya da kudancin Amurka da suka dogara da ita kaɗai suka yi ta fama da cutar pelagira, mai ɓata fata da ƙwaƙwalwa, har cikin ƙarni na 20. Mu kanmu sunan da muka ba ta ya nuna hanyar da muka ɗauka ta biyo, wato Masar, kamar yadda tsofaffi suke cewa gwandar Masar. Asalinta nan ne. Barkono da tumatir da gwanda da talotalo ma daga wannan yanki suka fito. Na yi ƙoƙarin ƙiyasta tukunyar gidanmu ba tare da su ba, na ga ta koma kuka da daddawa da gero.

Ranar Lahadi na shiga motar haya zuwa Tilakolula, inda kasuwar mako take ci. A hanya muka tsaya a Tule na zaga wata bishiya da kaurin gindinta ya kai mita 42, na ƙirga taku har na gaji. Kasuwar ita ce wurin da na fara jin Zapotekanci a bakin masu shi. Harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, murya tana hawa tana sauka, har kunnena ya riƙa yaudara ta cewa na kusa ganewa. Mata da kallabi masu furanni suna rungume da talotalo kamar jarirai. Wani ya bayyana mini cewa da yawa na gudummawar biki ne, wadda suke kira gelagetsa: ka kai wa maƙwabci talotalo ranar aurar da 'yarsa, ya rubuta a littafi, ranar taka ya mayar maka. Na ce a raina, matan unguwarmu ba sa bukatar tafinta a nan. Na sha tehate, wani farin abin sha mai sanyi na masara da koko da ƙwallon wani 'ya'yan itace da busasshen fure, wanda ake damawa da hannu a babban akushin yumɓu har kumfa ta taso ta yi kamar kindirmo. A jan ƙoƙo ake ba da shi, sai dai nasu ƙoƙon a bishiya yake fitowa, ba a yaɗon duma ba.

Mai tehaten tana yi wa jikarta magana da Zapotekanci, yarinyar tana amsawa da Sifaniyanci. Sau uku na lura da haka a rumfuna daban-daban. Masu jin harshen sun kusa rabin miliyan, amma ya rarrabu zuwa kare-kare sama da 50 da wasunsu ba sa fahimtar juna, kuma an daɗe ana hukunta yara a makarantu idan suka yi shi. Abin mamaki, mutumin da ƙasar ta fi girmamawa ɗansu ne. Benito Huwares, wanda aka haifa a ƙauyen Gelatawo a 1806, maraya ne makiyayin tumaki da bai iya Sifaniyanci ba sai da ya tako zuwa Wahaka yana ɗan shekara 12. Ya zama lauya, ya zama gwamna, ya shugabanci Meziko daga 1858 har rasuwarsa a 1872, ya ga bayan mamayar Faransa. Hotonsa yana kan takardar feso 500 da na canza a kasuwar. Amma duk matakin da ya taka da harshen wasu ya taka shi, kuma iyayen da suke son 'ya'yansu su yi nisa sun fahimci darasin sarai.

Daga Tilakolula zuwa Mitla ba nisa. A nan babu tsauni, kufan yana tsakiyar gari mai rai, da masu sayar da mayafai a bakin ƙofa. Zapotekawa suna kiran wurin Liyoba, wurin hutawa, kuma nan ne mazaunin babban limaminsu har zuwan Sifaniyawa. Bangayensa an lulluɓe su da ado na dubban ƙananan duwatsu da aka yanka ɗaya bayan ɗaya aka cusa su cikin juna ba tare da kwaɓi a tsakaninsu ba, zane yana hawa yana karyewa kamar aikin wuyan babbar riga. Ƙasar girgiza ce, amma suna nan. Abin da girgiza ta bari, mutum ya taɓa: a ƙarni na 16 aka rushe wani sashe, aka gina majami'ar San Pabulo a kan harsashinsa da duwatsunsa. Jajayen ƙubbobinta suna leƙowa ta saman tsohon bangon, kuma jikokin waɗanda aka rushe wa wurin ibada su ne suke cika ta ranar Lahadi.

Ranar ƙarshe na shiga gidan tarihi na Santo Domingo, tsohon mazaunin limaman Kirista, inda aka ajiye dukiyar Kabari na 7. A Janairun 1932 Caso ya buɗe wannan kabari a Monte Alban ya tarar da kaya sama da 400: sarƙoƙi da allunan ƙirji na zinariya, lu'ulu'u, kofin dutse garai-garai kamar gilashi, ƙasusuwan damisa da aka yi wa zane siriri, da ƙoƙon kan mutum da aka manne da shuɗin dutse. Zapotekawa ne suka gina kabarin, amma dukiyar ta Mistekawa ce, maƙwabtansu, waɗanda suka zo bayan ɗaruruwan shekaru suka sa nasu matattun a ciki. Ɗakin cike yake da mutane, kowa yana tura wuya wajen zinariyar.

Ta tagar benen ana hango wani lambu a bayan ginin. Barikin soja ne har 1994, kuma da sojoji suka tashi, mai zanen nan Bazapoteke Francisco Toledo yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an mayar da filin lambun tsirran jihar. Shi ne kuma a 2002 ya jagoranci hana McDonald's buɗe shago a dandalin garin, ta hanyar raba wa jama'a tamal kyauta a wurin. Na bi ayarin masu zaga lambun. Mai yi mana bayani ta ambaci kogon Gila Nakits da ke kusa da Mitla, inda Flannery ya yi haƙa a 1966, aka samu 'ya'yan kabewa na noma masu shekara 10,000 da totuwar masara mai shekara sama da 6,000, tun kafin a ɗora dutse ɗaya a Monte Alban da shekara dubbai. Sannan ta tsaya gaban wata ciyawa mai rassa da yawa, wadda da a gonarmu na gan ta da na cire ta a noman farko. Ta ce teyosinte ke nan, uwar masara. Ta ɓallo zangarniyar ta ɗora mini a tafin hannu. Ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, ƙwayoyinta ba su wuce goma ba a jere ɗaya, kowacce a cikin ɓawo mai taurin tsakuwa. Na gwada da haƙori, ta ƙi fashewa.